INA ZA MU ƊAURA ƘARIN FITILU A MOTAR ƘUNGIYA?

Jawabin kwamitin kula da mota a gaban babban taron shekara. An buga shi a nan domin ƴan uwa da ke ci-rani waɗanda ba su samu halarta ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Maigari, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah ya gafarta malam. Dattawan gari, iyayenmu mata, shugabannin ƙungiya, da ƴan uwa ƴan ci-rani da suka zo daga Yamai, Agadas, Arlit, Kano, Ikko, Abijan da Libiya, muna yi muku barka da zuwa, muna yi muku ban gajiya.

A taron da ya wuce kun ɗora mana aiki guda. Kun ce mu duba maganar ƙarin fitilu a motar ƙungiya, mu zo muku da shawara. Tun daga ranar ake ta musu a bakin kasuwa da ƙofar masallaci. Samari sun ce a sa doguwar fitilar nan ta zamani a bisa rufi, yadda suke gani a motocin masu zuwa haƙar zinariya. Wasu sun ce a jera su a gaba. Wasu kuma sun ce ɓarnar kuɗi ce, fitilun da mota ta zo da su sun isa. Mu da ke cikin kwamitin, akwai direbobi, akwai makanike, akwai mai walda. Mun zauna, mun gwada, mun auna. Ga abin da muka gano, ga kuma dalilansa, domin kuɗin da za a kashe guminku ne.

1. ME YA SA MAGANAR TA KAI GA TARO

Motar nan, Toyota Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, da karo-karonku aka saye ta. Da rana tana kai gero da wake kasuwa, kuma da rana ba ta bukatar fitila. Babban aikinta na dare ne: mace mai naƙuda wadda haihuwa ta gardama, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sa shi suma, manomin da maciji ya sara. Irin waɗannan ba su jiran gari ya waye. Kafin a kai kwalta sai an bi rairayi, an ratsa korama, an hau burji mai gargada, sannan a kama hanyar babban asibitin Damagaram.

Ga lissafi kaɗan, a yi haƙuri da shi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kimanin mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya, wato ƙiftawar ido biyu ko uku. Daga lokacin da direba ya hangi jaki zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, wannan daƙiƙar ta wuce. Bayan an taka birki, a kan burji mai tsakuwa, motar na iya ƙara cin mita 35 kafin ta tsaya cak. An haura mita 50 ke nan. To, dokar hanya ta ƙasar Faransa, inda yawancin tsofaffin motocinmu suka fito, abin da ta nema ga gajerar wuta, wadda muke kira kod, shi ne ta haska mita 30. Doguwar wuta, wato far, mita 100. Kun ga mai tafiya da kod yana gudun 60 a kan burji, abin da ya hanga ya riga ya buge shi. In gudun 40 yake, cikin mita 30 ɗin zai iya tsayawa.

Saboda haka bukatar ƙarin haske gaskiya ce. Sauran magana ita ce a ina za a sa shi.

2. ABU UKU DA KOWA YA KAMATA YA SANI GAME DA HASKE

Na farko: ƙura tana mayar da haske. Wanda ya taɓa kunna tocila cikin hazon hunturu ya san haka. In ya riƙe ta kusa da idonsa, ba ya ganin komai sai farin bango. In ya sauke ta wajen gwiwa, sai ya ga ƙasa. Dalili kuwa, kowace ƙwayar ƙura ƙaramin madubi ce, tana mayar da haske inda ya fito. Fitilar da ke daidai da idon direba, ko sama da shi kaɗan, hasken nata yana ratsa ƙurar da ke tsakanin idonsa da hanya, ya dawo masa. Fitilar da ke can ƙasa tana bi ta ƙarƙashin inda yake kallo.

Na biyu: da inuwa ake gane rami. Da hantsi ko da la'asar, in rana ta karkata, mai bin sawu yana ganin sawun raƙumi sarai, domin kowane ɗan gurbi yana da inuwarsa. Da rana tsaka sawun yakan ɓace. Haka fitila take. In tana ƙasa, kowane rami, kowane kututture, kowace gargada tana jefa doguwar inuwa, direba ya gan ta tun daga nesa. In tana bisa rufi, inuwa ta gajarce, hanya ta zama sumul a ido kamar tabarma, sai taya ta faɗa rami sannan a sani.

Na uku: ido yana bin haske mafi ƙarfi. In aka zuba haske mai yawa a gaban hancin mota, ko ya faɗa kan murfin inji, ƙwayar idon direba takan tsuke, sai nesa ta ƙara yi masa duhu. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma haske mai ƙarfi na ɗan lokaci ya isa ya ɓata wannan sabon. Kuma in an dalle wa mutum ido, dattijo ya fi saurayi daɗewa kafin ganinsa ya dawo.

A riƙe waɗannan uku, domin a kansu duk sauran maganar ta tsaya.

3. WURARE BIYAR DA AKE ƊAURA FITILA

(a) Bisa rufi.

Mu faɗi alherinta tukuna. Fitilar rufi tana hango bayan ɗan tudu, tana haska cikin kwari tun kafin a gangara, tana kuma tsallake doguwar ciyawa ta ƙarshen damina. Ga mai ratsa fili buɗaɗɗe, shi kaɗai, cikin dare mai garau, babu ƙura, tana da amfani.

Amma ku dubi hanyarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne. Da bazara guguwa ce. Ran kasuwa kuwa kowace mota tana tafe cikin ƙurar wadda ke gabanta. A duk waɗannan lokatai fitilar rufi makanta take ƙarawa. Bayan wannan, haskenta na zubowa kan murfin inji da gilashin gaba, kuma murfin motarmu fari ne. Ga rassan gawo da aduwa da ke kan hanyar korama. Ga buhuna da igiya da ake ɗaurawa a sama. Ga girgizar gargada, wadda ta fi tsanani ga abin da aka kafa a ƙarfe siriri can bisa: yau noti ya kwance, gobe ƙarfe ya tsage, jibi ruwan sama ya bi hudar da aka yi a rufi ya sauko kan majinyaci.

Babbar illarta kuwa a kan wasu take. Daga wannan tsawo, haskenta yana shiga idon duk mai zuwa kai tsaye: ɗan kabu-kabu mai goyon mutum biyu, mai amalanke, makiyayi da garkensa. Jaki da raƙumi in haske ya kashe musu ido ba su san gefen da za su bi ba, wani ya tsaya ƙyam tsakiyar hanya, wani ya zabura ya afko wa motar. Mai babur da aka makantar yana iya faɗawa rami, yana kuma iya faɗo mana. Wanda za a buge ɗin, wataƙila ɗan wani ne da ke zaune a wannan taro.

Samarinmu sun ce wanda ya hau sama ya fi hangen nesa. Mun ji. Amma Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

(b) Gaba, daidai da manyan fitilu.

Wannan shi ne kan ƙarfen gaba da ke tare wa mota karo, tsawon kimanin mita ɗaya daga ƙasa. Nan ne wurin fitila mai cin nisa. Tana ƙasa da idon direba sosai, haskenta ba ya taɓa murfin inji tunda tana gabansa, kuma tana barin inuwa daidai gwargwado. Masu ƙera mota ba da wasa suka zaɓi wannan tsawo ga fitilunsu ba.

Hatsari ɗaya ke nan, kuma babba ne: lagireto, wato tukunyar da ke sanyaya ruwan inji. Iskar da ke shiga ta ragar gaba ita ce numfashin mota. A Afirilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, mota kuma tana cikin rairayi da ƙaramar giya, inji na kuka, tafiya kaɗan, iska kaɗan. In aka jera manyan fitilu huɗu a bakin ragar, an toshe mata hanci. Injin da ya tafasa ya ƙone, kuɗin gyaransa ya ninka kuɗin fitila sau da yawa. Don haka biyu kawai, ɗaya dama ɗaya hagu, kusa da manyan fitilu, a bar tsakiya a buɗe. Kada su rufe lambar mota, kada su rufe sigina.

(c) Ƙasa, a jikin ƙarfen gaba.

Nan ne wurin fitilar ƙura da hazo. Irinta daban ce: haskenta shimfiɗaɗɗe ne, mai faɗi, an yanke shi daga sama kamar da wuƙa, ba ya tashi. Ba ta cin nisa, amma tana nuna sawun taya, bakin hanya, da ramin da ke mita 20 zuwa 30 a gaba. Ƙa'idar da ƙasashen Turai ke bi ta ce kada irin wannan fitila ta gaza santimita 25 daga ƙasa, kada kuma ta fi kod tsawo.

Amma ƙa'idar kwalta daban, hanyar daji daban. A cikin rairayi tayoyi suna nutsewa, tudun tsakiya yana gugar cikin mota. Akwai kututturan da aka bari bayan sharar gona. Da damina akwai ruwan korama, kuma gilashin fitila mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan fashe. Fitilar da aka rataya ƙarƙashin ƙarfen gaba tana lilo ba za ta ga ƙarshen wata ba. Shawararmu: a sa ta cikin jikin ƙarfen, ko bisansa kaɗan, wajen santimita 50 zuwa 60 daga ƙasa, mai walda ya yi mata gida da ƴar raga.

(d) Gefe biyu, a gindin gilashin gaba.

Ƙananan fitilu biyu, kowace ta karkata waje, ɗaya dama ɗaya hagu. Abin da ke kashe mota a daji sau da yawa daga gefe yake fitowa: saniyar da ta balle daga garke, raƙumin da ke kiwo a bakin hanya, yaro mai bin akuya. Suna kuma taimako wajen neman mararrabar da iska ta shafe, da duba gaɓar korama kafin a shiga. Sharaɗinsu a juya su waje sosai yadda haske ba zai taɓa murfin inji ba, kuma a kashe su da zarar an hangi mai zuwa ko an shigo gari.

(e) Baya.

Wannan ba wanda ya ambace ta cikin musun, alhali kuwa ta fi wasu amfani. Ƙaramar fitila ɗaya a kan ƙarfen da ke bayan ɗakin direba, tana kallon ƙasa. Da ita ake shimfiɗa wa majinyaci katifa, da ita ake canza taya, da ita ake tone rairayi in mota ta kafe, da ita ake ja da baya ba a taka yaro ba. Sai dai a yi mata makunni nata daban, da ɗan jan ƙwai a gaban direba mai tuna masa tana kunne, domin farin haske a bayan mota mai tafiya yana ruɗa na baya, ya zaci wata mota ce ke zuwa.

4. FARA KO RAWAYA, TSOHUWA KO TA ZAMANI

Dattawa za su tuna motocin Peugeot 404 da manyan Berliet masu idanu rawaya. Ba ado ba ne. Dokar Faransa ce ta wajabta fitila rawaya tun daga 1937, ba a sake ta ba sai farkon 1993. Gaskiyar magana, rawaya ba ta huda ƙura fiye da fara. Abin da take yi, hasken da ƙura ta mayar ba ya sukar ido kamar fari mai shuɗi-shuɗi, don haka direba ya fi jurewa. Saboda haka mun zaɓi rawaya ga fitilun ƙasa, fara ga masu cin nisa.

Fitilun zamani da ake kira LED suna cin wuta kaɗan, ba su da zaren da gargada za ta tsinke, kuma suna daɗewa. Amma in ta mutu ba a canza mata ƙwai, sai a sayi wata. Tsohuwar mai ƙwan halojin kuwa ana samun ƙwanta a kowace tasha. Masu araha da suka cika kasuwa, da yawansu suna watsa haske ko'ina, sama da ƙasa, ba tsari. Mai kallo daga waje ya ce kai, wannan fitila da haske take. Direba a ciki kuwa bai ƙaru da komai ba. Araha ba ta ado.

Gargaɗi guda: kada a cusa ƙwan LED cikin gidan fitilar da aka ƙera domin halojin. Madubin cikinta an auna shi ne da wurin da zaren ƙwai yake. In an canza, kod ya daina yankewa, ya koma dalle wa jama'a ido.

5. BATIR DA WAYA

Kowace fitila daga batir take sha. Ga yadda ake lissafi: a raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfa. Motarmu bolt 12 ce. Fitila biyu masu wat 55 kowace, wat 110 ke nan, kimanin amfa 9. Biyu masu wat 100 kowace, kusan amfa 17. In aka bar waɗannan na biyun a kunne inji a kashe, cikin awa biyu sun sha rabin batir mai amfa 70, kuma injin gazuwal yana iya ƙin tashi da rabin batir, balle da sanyin asuba. Wa zai tura Land Cruiser cikin rairayi, da mai naƙuda a baya?

Saboda haka ga dokoki huɗu ga makanike:

Ɗaya, kowane jeri na fitilu ya samu fiyus nasa, kusa da batir. Na wat 110, fiyus mai amfa 15 ya isa. Wanda ya ƙone a sa irinsa. Kada a naɗe shi da waya ko takardar taba, domin nan gobara take farawa.

Biyu, a sa rele, yadda babbar wuta za ta bi gajerar hanya daga batir zuwa fitila, ba ta bi ta makunnin da ke gaban direba ba.

Uku, waya mai kauri, cikin tiyo, a ɗaure ta nesa da salansa da duk wani ƙarfe mai kaifi. Inda ta ratsa ƙarfe a sa mata roba.

Huɗu, kuma wannan ya fi duka: fitilu masu cin nisa a haɗa su da far, yadda in direba ya sauke zuwa kod za su mutu tare nan take. Mai zuwa ba zai jira direba ya lalubi makunni uku ba.

6. YADDA AKE SAITI

Fitila mai tsada da aka saita ba daidai ba, gara babu. Aikin ba ya bukatar na'ura. Bayan magariba a tsayar da mota a wuri mai daidai, mita 10 daga bango, tayoyi da iska daidai, da kaya gwargwadon abin da ta saba ɗauka. A auna tsawon tsakiyar kowace fitila daga ƙasa, a ja wannan tsawon a bango da gawayi. Bakin hasken kod ya sauka santimita 10 ƙasa da zanensa. Na fitilun ƙura ya sauka santimita 20 ƙasa da nasa zanen. Masu cin nisa kuwa tsakiyar haskensu ya zauna kan zane, ko ƙasa da shi kaɗan. A rufe sauran da buhu, a saita ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa muka ce da kaya? Domin in an lafta wa mota buhuna, bayanta ya zauna, hancinta ya ɗaga, fitilar da ke kallon hanya ta koma kallon taurari da idon mutane. A sake duba saiti da notuna kowane wata, tunda gargada ba ta barin abu inda aka ajiye shi.

7. SHAWARAR KWAMITI

Ga abin da muke roƙon taro ya amince da shi, bi da bi, gwargwadon abin da ke cikin asusu:

Na farko, a gyara abin da ke akwai. A wanke gilashin manyan fitilu, a canza madubin da ya dushe, a sa ƙwai sababbi iri ɗaya, a kankare tsatsar wayar da ke haɗe da jikin mota. A gyara jajayen fitilun baya. Sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da haske mai yawa da kuɗi kaɗan.

Na biyu, fitilun ƙura biyu, rawaya, a jikin ƙarfen gaba, da fitilar aiki ɗaya a baya.

Na uku, masu cin nisa biyu, daidai da manyan fitilu.

Na huɗu, ƙananan na gefe, in kuɗi ya ragu.

Ta rufi kuwa ba mu ba da shawararta ba. Kafin a fara aiki, sakatare da direba za su je wurin masu duba lafiyar motoci a birni su nuna musu tsarin, domin kada a ɗaura abin da za a ce a cire.

8. ROƘO GA ƳAN CI-RANI, ROƘO GA NA GIDA

Ƴan uwa na nesa, mun san zuciyarku. Mutum ya ga fitila mai ƙyalli a kasuwar Ikko ko ta Sabha, ya tuna gida, ya saya ya aiko. Allah ya saka da alheri. Amma a tambayi kwamiti kafin a saya. A duba bolt, domin manyan motoci bolt 24 suke, kuma ƙwan bolt 24 a motarmu ja zai yi kamar garwashi. A duba alamar IP67 a jiki: lamba 6 na nufin ƙura ba ta shiga, lamba 7 na nufin tana jure nutsewa cikin ruwa mita ɗaya har rabin awa. A taɓa ƙafarta a ji ƙarfe ne mai kauri. Kada a yarda da yawan wat ɗin da aka rubuta a kwali, domin kwali ba ya rantsuwa. Mafi sauƙi, a aiko kuɗin cikin asusu, a saya a wuri ɗaya.

Akwai kuma tsarabar da ta fi fitila araha, ta kuma fi ta ceton rai: leda mai manne wa, mai ƙyalli in haske ya taɓa ta, ja da fara. A manna ja a bayan kowace amalanke ta garin nan, fara a gabanta. Amalanken da ba ta da komai, sai an zo dab da ita ake ganinta. Mai ƙyalli kuwa tun daga nesa take bayyana.

Iyayenmu dattawa, ku taya mu da abu uku. A hana kwanciya da shanya a kan sawun mota. A killace dabbobi da dare. Kuma in kuna cikin motar, kada ku matsa wa direba ya ƙara wuta don yana da sababbin fitilu. Sannu ba ta hana zuwa.

Direbobinmu, ku ma ga naku. Kun hangi mai zuwa, ko da mai keke ne, ku sauke. Kun bi bayan wata mota, ku sauke. Kun shigo gari, ku sauke. Kun kusato shingen jandarma ko na soja, ku kashe duk wani ƙari, ku rage gudu, ku kunna fitilar ciki a ga fuskarku. In ƙura ta tashi har ba ku ganin sawu, ku fita daga hanya sosai ku tsaya ta lafa.

Ku tuna itacen nan na Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada, babu wani itace kusa da shi sai an yi tafiya mai nisa. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, duk wanda ya je zai gani. Fili iya ganinka, itace ɗaya tak, amma mota ta same shi. Fitila tana taimakon ido, hankali kuwa na direba ne.

Wannan ita ce shawararmu. Hukunci na taro ne. Wanda ke nesa kuma yana da magana, ya aiko wa sakatare kafin taron wata mai zuwa, za a karanta ta a gaban jama'a. Wanda ke gida yana son ya gani da idonsa, ya zo filin makaranta ran Juma'a bayan isha'i, za mu kunna fitila a sama, mu kunna a ƙasa, yara su tayar da ƙura, kowa ya zauna a kujerar direba ya duba. Gani ya kori ji.

Allah ya kiyaye hanya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya, ya dawo mana da matafiyanmu cikin alheri. Allah ya bar zumunci.

 

Kwamitin kula da mota